Sauya bushin ƙafar motocin gudu da na foliyuretan: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu ƙananan motocin da aka ƙera domin gudu da shan kwana, irin su Mazda MX-5 da Nissan 350Z da BMW E36 da E46, a lokacin da ƙafar motar ta fara ƙara aka kuma ba su shawarar su zuba mata bushin foliyuretan, wato wani haɗin sinadarai mai kama da roba amma wanda galibi ya fi ta tauri. An fi kawo misali da MX-5 domin tsarin ƙafarta a bayyane yake kuma bushinta na da yawa, amma ƙa'idojin sun shafi sauran motocin.

1. Mene ne bushin, kuma wane aiki yake yi a ƙafar mota?

Bushin shi ne abin da ake sakawa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota, domin hannun ƙafar ya samu damar hawa da sauka ba tare da ƙarfe ya goga ɗan'uwansa ba. Na kamfani galibi roba ce da aka narka aka manne tsakanin bututun ƙarfe na ciki, wanda noti ke ratsawa, da zoben ƙarfe na waje, wanda ake matsawa cikin ramin hannun ƙafar. Aikinsa biyu ne kuma suna jayayya da juna: ana so ya riƙe tayar a inda injiniya ya tsara, ana kuma so ya shanye girgiza da ƙarar hanya kafin su kai ga mai tuƙi.

MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, da ta biyu da aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, suna da hannu na sama da na ƙasa a kowace ƙafa, gaba da baya, kuma bushin da ke cikin waɗannan mahaɗai sun haura ashirin, ban da na sandar sitabilaiza da na aksul.

2. Da me foliyuretan ya bambanta da roba, bayan tauri?

Wannan ce tambayar da sauran amsoshin suka rataya a kanta, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Bushin roba ba ya juyawa a kan komai. Tunda robar a manne take da bututun ciki da zoben waje, idan hannun ƙafar ya motsa sai naman robar ya murɗe, sannan ya dawo yadda yake. Babu gefen da ke gogar wani, saboda haka ba ya neman giris kuma ba ya kuka har sai ya yage.

Foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Leverkusen ta Jamus a 1937, ba a manne shi da bututun ciki. Yana zaune daram a ramin hannun ƙafar, sannan ya riƙa juyawa a kan bututun, kamar yadda tayar baro ke juyawa a kan sandarta, ta tafi shiru muddin akwai mai, ta kama kuka da zarar ta bushe. Ke nan wanda ya sauya roba da foliyuretan ya sauya yadda mahaɗar ke aiki gaba ɗaya. Daga nan ne buƙatar giris ta taso (tambaya ta 7), daga nan ne ƙura ta zama abin damuwa (tambaya ta 8), kuma daga nan ne ake samun wuraren da bai kamata a saka shi ba ko kaɗan (tambaya ta 6).

3. Ta yaya zan tabbatar bushin motata ne suka mutu?

Alamomin da aka fi gani su ne ƙarar bugu a kan rami ko tudun rage gudu, motar ta riƙa ja gefe idan an taka birki, bayanta ya riƙa lilo a tsakiyar kwana, tayoyi su ci ta gefe ɗaya, ko kuma a yi alaimen amma bayan 'yan makonni saitin ya gudu. Sai dai bol-join da tayirod da shokazoba duk suna iya kawo irin waɗannan alamomin, don haka kada a sayi komai sai an ɗaga motar an sa sandar ƙarfe an ɗan tura kowane hannu ana kallon motsinsa. Ƙananan tsagogi a fuskar roba tsufa ne kawai. Abin da ke nuna mutuwa shi ne robar ta rabu da ƙarfenta, ko bututun ciki ya kauce daga tsakiya, ko ta kumbura ta yi laushi saboda baƙin man da ke ɗiga mata. Wasu bushin kuma ruwa ne a cikinsu, kamar na bayan aksul ɗin 350Z da na hannun gaba a yawancin E46, kuma idan suka fashe ana ganin baƙin zane ya gangaro a jikin ƙarfen.

4. Wane sauyi zan ji a tuƙi?

Sitiyari zai fi saurin amsawa, motar za ta fi tsayawa kan layin da aka ɗora ta a kwana, kuma gabanta zai rage yawo idan an taka birki da ƙarfi, domin kusurwar tayoyin ba ta gudu sosai a ƙarƙashin nauyi. A ɗaya ɓangaren, ƙananan gargada da tsakuwa da mahaɗar kwalta za su riƙa isowa ga kujera da sitiyari, kuma idan an haɗa da bushin aksul za a fara jin gunjin giyoyinsa a cikin mota.

Akwai abin da ya kamata a faɗa da gaskiya a nan. Mafi yawan masu yabon foliyuretan suna kwatanta shi ne da robar da ta shekara ashirin ko talatin a ƙarƙashin mota. Kaso mai yawa na gyaran da suka ji, sabuwar roba mai kyau ma za ta ba su shi. Wanda ke son ya san ainihin abin da foliyuretan ya ƙara, da sabuwar roba ya kamata ya auna shi.

5. Me lambobin 70A da 80A da 95A ke nufi?

Awon tauri ne na ma'aunin Shore, kuma yawan lambar shi ne yawan taurin. Robar kamfani galibi tana tsakanin 50A da 70A. Kamfanin Powerflex na Ingila yana yin ruwan ɗorawa a 70A, shunayya a 80A domin tuƙin yau da kullum, da baƙi a 95A domin filin tsere, yayin da Strongflex na Poland ke yin ja a 80A da ruwan ɗorawa a 90A. Wannan ya isa ya nuna cewa launi ba ya nufin abu ɗaya a kowane kamfani, don haka lambar ake dubawa. Ga motar da ke hawa titi kullum, 80A ya wadatar, kuma ban ga dalilin da zai sa a wuce shi ba sai ga motar da filin tsere ne aikinta.

6. Shin ya kamata in sayi cikakken saiti in sauya duka?

Ya danganta da tsarin ƙafar motar, kuma a nan ne ake tafka kuskure mafi tsada. Foliyuretan ya dace da mahaɗar da ke juyawa a kan layi ɗaya kawai, sama da ƙasa. Hannayen MX-5 ta farko da ta biyu kusan duk haka suke, shi ya sa cikakken saiti ke zama lafiya a kanta. Haka nan bushin sandar sitabilaiza da na riƙe rak ɗin sitiyari, waɗannan wurare ne da ribar ta fi asarar yawa, aikin kuma ba shi da wahala.

Amma akwai mahaɗan da aka tsara su lanƙwashe ta fuskoki da dama a lokaci guda. Babban misali shi ne bushin dogon hannun baya na BMW E36 da E46, wanda ke juyawa yana kuma karkata yayin da tayar ke hawa. Idan aka cika wurin da abu mai tauri, hannun yakan cije, sai ƙafar ta ƙi tafiya yadda sifirin da shokazoba suka tanada, bayan motar ya riƙa sakin hanya ba zato a kwana. Shi ya sa da yawa daga masu waɗannan motoci ke barin roba a wurin su ƙara mata zobban da ke hana ta zamewa gefe, ko su sa mahaɗa mai ƙwallon ƙarfe. Irin wannan cijewar sananniya ce a hannayen sama na bayan Ford Mustang da aka ƙera daga 1979 zuwa 2004, inda tauri a dukkan bakunan hannun ke tura nauyin ga jikin motar har wurin ɗaurin ya tsage.

Wani lokacin kuma laushin robar da gangan aka yi shi. Porsche 928, wadda ta fito a 1977, an tsara ƙafar bayanta ta yadda idan direba ya saki totur a kwana, bayar da kai da mahaɗar ke yi zai karkato da tayar ciki ya daidaita motar, kuma Mazda ta yi makamancin haka a RX-7 ta biyu. Wanda ya taurara irin wannan wurin ya cire wani ɓangare na dabarar da aka gina motar a kai, kuma ya kamata ya yi hakan da saninsa. Shawarata ita ce a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya a tambayi yadda take motsi, maimakon a ɗauka cewa duk abin da ke cikin kwalin dole ne ya shiga mota.

7. Me ya sa yake kuka, kuma wane giris ake sa masa?

Yana kuka ne idan giris ɗin da ke tsakaninsa da bututun ciki ya ƙare ko ruwa ya wanke shi, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 2. Kamfanonin kirki suna haɗo nasu giris a cikin kwalin, mai kauri da danƙo, yawanci na silikon mai haɗe da Teflon, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi. A shafe cikin ramin bushin da jikin bututun da kuma fuskokin gefe da ke gogar ƙarfen mota, domin sau da yawa daga gefen ne kukan ke fitowa. SuperPro na Ostireliya yana yin ƙananan ramuka da zane a cikin bushinsa domin su riƙe giris, wasu baƙaƙen bushin Energy Suspension na Amurka kuma an cakuɗa su da garafait.

Baƙin mai da aka juye daga inji ba ya wannan aikin, domin ba ya zama a wurin, yana tara ƙasa, kuma yana lalata duk robar da ke kusa. Feshin WD-40 yakan kashe kukan na ɗan lokaci kaɗan sannan ya wanke sauran giris ɗin da ya rage. Wanda zai daɗe da motar zai iya sa a huda hannun ƙafar a ɗaura ɗan bakin ɗura giris a saitin tsakiyar bushin, musamman idan bushin gida biyu ne, domin a riƙa ƙara masa ba tare da an kwance ƙafar ba.

8. Zai jure ƙura da zafi da ramukan hanyoyinmu?

Zafin rana shi kaɗai ba matsala ba ne, kuma foliyuretan ya fi roba jure baƙin mai da iskar da ke tsattsaga roba. Inda zafi ke cutar da shi shi ne kusa da salansa, domin yawancin nau'o'insa sukan yi laushi idan suka daɗe a zafin da ya kusanci digiri 100, don haka kada a jefar da farantin kare zafi da ke wurin.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. A lokacin hunturu, ko a kan hanyar burji, ƙasa mai laushi na shiga giris ɗin ta mayar da shi abin gurza, sai ramin bushin ya faɗaɗa a hankali, damina kuma ta zo ta wanke abin da ya saura. Motar da ke yawo a Kano ko Zinder za ta nemi sabunta giris fiye da irinta da ke Ingila, kuma mai ita ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya saya. Game da ramuka kuwa, duk dukan da roba ke shanyewa yanzu zai wuce zuwa bol-join da rim da wuraren da ƙafar ta kama jikin mota. Mai E46 ya duba ƙasan motar inda ƙaramin firam ɗin baya ke ɗaure, domin an san wurin da tsagewa, kafin ya taurara bushin da ke nan.

9. Bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya fa, ba zai yi wannan aikin ba?

Ba zai yi ba. Wanda aka yanka daga taya yana iya kashe ƙara ya mayar da mota hanya, amma ba a manne yake da ƙarfe kamar na kamfani ba, ba shi kuma da santsin da zai juya a kan bututu kamar foliyuretan, kuma da wuya ramin ya faɗa tsakiya daidai. A motar da ake shiga kwana da gudu, kaucewar milimita ɗaya ko biyu a mahaɗa tana sauya kusurwar taya, kuma ɓangaren dama ba zai yi daidai da na hagu ba.

10. Yaya ake cire tsofaffin, kuma ya halatta a ƙona su?

Hanya mafi tsafta ita ce injin matsi, tare da bututun da ya yi daidai da bakin bushin da wani da zai tallafi hannun daga ƙasa. Hannayen MX-5 ta farko da ta biyu na farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, kuma idan ba a tallafe su ba sukan murɗe. Wanda ba shi da injin zai iya amfani da doguwar sanda mai zare da manyan soket da wasa (faifan ƙarfe mai rami da ake sa wa noti), yana ɗaure noti har bushin ya fito. Idan zoben waje ya ƙi, sai a zura zarton ƙarfe a yanka shi ta ciki a hankali, a tsaya kafin haƙoran su taɓa hannun.

Kafin a taɓa zoben, a karanta takardar da ke cikin kwalin, domin wasu saituna, musamman na Energy Suspension, an yi su ne su zauna cikin tsohon zoben, kuma wanda ya yanke shi ya jawo wa kansa sayen wani. Ƙonawa kuwa ba na goyon bayanta. Hayaƙin guba ne, bushin mai ruwa a ciki yana iya fashewa a fuskar mai aikin, wutar tana cinye fenti ta buɗe wa tsatsa ƙofa, sannan a hannun alminiyam irin na 350Z da MX-5 ta uku tana raunana ƙarfen ta yadda ido ba zai gani ba. A tsohuwar MX-5, dogon notin da ke ratsa ƙasan ƙafar baya ta waje ya shahara da kamewa da tsatsa, don haka a jiƙa shi da man sassauta noti tun kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, a kuma tanadi sabo.

11. Da motar na sama ake ɗaure notuna, ko sai ta sauka?

Bushin roba dole ne a ƙarasa ɗaure shi motar na zaune a kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure ƙafar na rataye, robar za ta zauna a murɗe kullum ta yage da wuri. Foliyuretan yana juyawa a sake, saboda haka wannan sharaɗin bai hau kansa ba, amma tunda yawancin motoci sukan ƙare da gauraye, wani wuri roba wani foliyuretan (tambaya ta 6), abin da ya fi shi ne a ɗaure duka a ƙasa, da sufanar awo mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da littafin motar ya bayar.

Notin yana matse bututun ciki ne, bai kamata ya matse naman bushin ba. Bayan an ɗaure hannu, kafin a haɗa shi da sauran ƙafar, a gwada ɗaga shi da sauke shi. Ya kamata ya motsa da ɗan nauyi amma ba tare da tsayawa ba. Idan sai an sa ƙarfi sosai, to ko ramin bai fita da tsatsa ba, ko bututun ya gaza tsawo, ko lambar bushin ba ta wurin ba ce, kuma ƙafar da ke cijewa haka ba za ta bi hanya daidai ba komai kyan shokazoba.

12. Dole ne a yi alaimen bayan aikin?

Dole ne, kuma na ƙafa huɗu, a wurin da ke da na'urar kwamfuta. A MX-5 notunan hannun ƙasa suna da wasa mai karkataccen rami, su ake juyawa a saita kusurwar taya, don haka a yi musu alama da fenti kafin a kwance domin motar ta iya isa wurin alaimen lafiya. Alamar ba ta maye gurbin saitin, tunda an yi ta ne a kan matacciyar roba. Yana da kyau a ɗan yi tafiya da motar ƙafar ta zauna, sannan a sake bin notunan da sufanar awo bayan 'yan kwanaki.

13. Gaskiya ne ba ya mutuwa?

Ba ya ruɓewa irin na roba, kuma wasu kamfanoni suna ba da garantin tsawon rai, amma yana ci. Ramin yakan zama mai siffar ƙwai saboda gurza ko saboda daɗewa a ƙarƙashin nauyi, maras inganci kuma yakan farfashe idan ya haɗu da danshi da zafi. Alamar farko ita ce kuka, ta biyu kuma ƙarar bugu, kuma idan aka kai ta biyun giris ba ya gyara shi.

14. Ta yaya zan kauce wa jabu?

Tunda irin waɗannan motoci ba su da yawa a ƙasashenmu, da wuya a samu saitinsu a ajiye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Suame ta Kumasi, yawanci sai an yi oda daga waje. A yi odar da shekarar motar da lambar shasi, domin sassa kan bambanta ko a cikin samfuri ɗaya, kuma a auna kaurin sandar sitabilaiza da ma'auni kafin a nemi bushinta. Saitin gaske yana zuwa da lambar sashe, da bututun ƙarfe masu santsi, da giris, da takardar bayani. Abin da aka miƙo a leda, mai ja ko ruwan ɗorawa, ba lamba ba bututu, launinsa kawai ya yi kama.

15. Idan abin bai yi mini ba, zan iya komawa roba, kuma akwai zaɓi na tsakiya?

Ana iya komawa muddin ba a faɗaɗa ramin hannun ba, ba a kuma ji masa rauni da zarto ba, sai dai za a sake biyan kuɗin aiki da na alaimen. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da bushin sitabilaiza da na sitiyari, a yi tuƙi da su, sannan a yanke shawara kan hannayen ƙafa. Zaɓi na tsakiya shi ne roba mai ƙarin tauri, wadda Mazda ta sayar wa masu tsere da MX-5, kamfanin Hardrace na Taiwan kuma yake yi wa motoci da dama. Ita tana aiki ne ta hanyar murɗewa kamar ta asali, don haka ba ta neman giris kuma ƙura ba ta da wurin shiga, amma dole ne a matsa ta da inji a kuma ɗaure ta motar na ƙasa kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 11. Ga motar da ke yawan bin hanyar burji, ita nake fifitawa a hannayen ƙafa. Delrin, wato wani filastik mai tauri, da mahaɗa mai ƙwallon ƙarfe kuwa sun fi foliyuretan tauri, kuma ta biyun tana saurin yin sako-sako idan ƙasa ta shige ta, sai dai wadda aka rufe da robar kariya.